Ɗinki da Hidimar Gida Sun Cinye Mini Lokacin Addu'a

Wannan wasiƙa ta zo ne daga wata 'yar'uwa a Garwa, a arewacin Kamaru. An taƙaita ta, an kuma cire sunanta da na unguwarsu bisa roƙonta.

"Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni tela ce, shekaruna 36, ina da ɗan shago da 'yan koyo biyu. 'Ya'yanmu huɗu, autan bai cika shekara biyu ba. Maigidana direban babbar mota ne, yana ɗaukar kaya daga Ngaundere zuwa Kuseri, wani lokaci har Njamena, yakan yi mako biyu bai kwana a gida ba. Mahaifiyarsa tana wurinmu, ciwon ƙafa ya zaunar da ita, ni ce mai yi mata wanka da abinci. Ina tashi tun kafin ƙarfe 5 na asuba, ba na kwanciya sai 11 ta gota.

"Damuwata ita ce addu'a ta kuɓuce mini. Idan aka ce in yi addu'a a taron zumuntar mata, bakina yakan buɗe har mata su riƙa cewa amin da ƙarfi, amma a gida da zarar na durƙusa a bakin gado sai barci ya ɗauke ni. Sau biyu ina farkawa a durƙushe, Littafi Mai Tsarki ya faɗi ƙasa. A daren shiga sabuwar shekara na yi wa Allah alkawarin tashi ƙarfe 3 na dare kullum in yi addu'ar awa guda. Kwana shida na yi, na kasa. Wata babbar mace a zumuntarmu ta ce sanyin addu'ata ne ya sa autana yake yawan zazzaɓi, ciniki kuma ya ja baya. Maigidana ya ce in daina wahalar da kaina, sujadar Lahadi ta isa. Ɗaya daga cikin 'yan koyona Musulma ce, kuma komai yawan aiki, da an kira azahar sai ta ajiye almakashi, ta yi alwala, ta shimfiɗa tabarma a bayan shago. Ina kallonta kunya tana kama ni. Mama, ko ni munafuka ce? Ko kuwa in rufe shagon ne in nemi fuskar Allah?"

'Yata, Ubangiji ya ba ki salama. Zan fara da tambayar da na ga ta fi ci miki rai, in amsa miki ita kai tsaye: ke ba munafuka ba ce. Waɗanda Ubangiji ya kira munafukai a Matiyu 6:5 mutane ne masu son tsayawa su yi addu'a inda idon jama'a yake, yabon mutane shi ne ladan da suke nema, da sun same shi kuwa hankalinsu ya kwanta. Ke amin ɗin matan zumunta bai kwantar miki da hankali ba, tayar miki da shi ma ya yi, har kika zauna cikin gajiya kika rubuto wannan wasiƙa. Ƙishirwar da kike ji shaida ce cewa akwai rai a cikinki, domin gawa ba ta neman ruwa.

Tunda ke mai awo ce, bari mu auna kwananki. Daga 11 na dare zuwa kafin 5 na asuba, awa shida ba su cika ba, a cikinsu kuma akwai kukan yaro da kiran tsohuwa, alhali likitoci suna cewa babban mutum yana bukatar barcin awa bakwai ko fiye. Sai kika zo kika yanke awa guda daga tsakiyar wannan ɗan barcin, a garin da zafin Maris da Afrilu yake haura digiri 40, inda mutum yakan kwana yana juyi idan wuta ta ɗauke. Ni abin da ya ba ni mamaki shi ne har kin kai kwana shida. Ki duba 1 Sarakuna 19, inda annabi Iliya ya gudu jeji, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi mutuwa, barci ya kwashe shi. Mala'ikan da aka aiko bai zo masa da faɗa ba, tashinsa ya yi ya ce ya ci gurasa ya sha ruwa, ya bar shi ya koma barci, ya sake tashinsa ya ci, sa'an nan daga baya, a Dutsen Horeb, maganar Allah ta zo masa. Allahn da ya gina jikinki ya san iyakar ƙarfinsa. Saboda haka kafin komai ina so ki je asibiti a auna jininki, a kuma duba ko akwai zazzaɓin cizon sauro a jikinki, domin macen da ta haifi huɗu, ga goyo ko yaye bai yi nisa ba, sau da yawa ƙarancin jini ne yake sa ta gyangyaɗi, ita kuwa tana zargin imaninta.

Game da alkawarin da kika yi a daren sabuwar shekara, ba zan ce miki ba kome ba ne, domin Mai-Wa'azi 5 ya gargaɗe mu da kada mu yi garajen buɗe baki a gaban Allah, ya kuma ce gara a ƙi yin wa'adi da a yi a kasa cikawa. Amma ki lura da irin kuskuren da aka yi. Kin yanka riga ne da awon wata, watakila wata da kika ji tana ba da shaida a coci, wadda 'ya'yanta sun girma, ba ta da majinyaci a ɗaki. Idan mai kaya ta kawo miki yadi, kika yanka shi bai kai jikinta ba, ba a matsa mata ta shiga da ƙarfi har ɗinkin ya ɓarke. Akan faɗi gaskiya ne, a nemi gafara, a sake awo. Ki faɗa wa Allah da bakinki cewa kin yi alkawarin da ya fi ƙarfinki, ki roƙi gafara sau ɗaya, ki kuma gaskata an gafarta miki saboda Almasihu. Idan zuciyarki ta ƙi sakin maganar, ki je wurin fastonku ko matarsa ki faɗa a gabansu, su yi miki addu'a, ki bar ta a can. Kada ki riƙa ƙidaya dararen da kika tsallake kamar bashin adashi da za a zo karɓa.

Maganar uwar nan ta zumunta ta ɓata mini rai, ba zan ɓoye miki ba. Da almajirai suka ga wanda aka haifa makaho, suka tambayi Yesu ko zunubin wa ya jawo, nasa ko na iyayensa, amsar da ya ba su a Yohanna 9 ita ce ba nasa ba ne, ba kuma na iyayensa ba. Zazzaɓin da yake kama yara a bakin Binuwai, musamman daga damina zuwa kaka, sauro ne yake kawo shi, yana kuma kama 'ya'yan fasto da na liman da na wanda bai taɓa durƙusawa ba. Ki tabbata yaron yana kwana cikin gidan sauro marar huda, ki kai shi gwaji da zarar jikinsa ya yi zafi, ki kuma ba shi maganin har ya ƙare ko da ya warware a kwana na biyu. Ciniki kuwa, ki tambayi telolin da ke layinku, za ki ji ba ke kaɗai ba ce. Duk da haka kada ki ɗauke ta a matsayin abokiyar gaba. Irin waɗannan iyaye namu da yawansu addu'a ce ta riƙe su cikin wahalar da ba mu gani ba, sun kuma saba da faɗin magana ba tare da sun tauna ta ba. Idan ta sake tayar da zancen, ki russuna ki ce, "Mama, na ji, na gode. Ƙarfina ne ya kasa, ki taimake ni, ki zo gida ki yi wa yaron addu'a." Idan da gaske damuwa ce ta sa ta magana, za ta zo, kin sami mataimakiya ke nan, idan kuwa ba ta zo ba, kin san nauyin da za ki ba maganarta nan gaba.

Yanzu sai yarinyar nan mai ajiye almakashi, wadda a ganina Allah ne ya ajiye miki ita a shago. Kin kalle ta kin ji kunya, ni kuwa ina so ki sake kallonta ki ɗauki darasi. Aikin da ke gabanta bai fi naki sauƙi ba a wannan sa'a, amma ita ba ta zama kowace rana ta yi shawara da zuciyarta ko yau akwai sarari ko babu. Lokacin a yanke yake tun kafin ta zo, akwai kuma abin da yake tuna mata da shi daga waje. Ke kuwa kin bar addu'arki tana jiran ragowar lokaci, kuma a gidan mai 'ya'ya huɗu lokaci ba ya ragowa, kamar yadda tuwo ba ya kwana a gidan yawa. Ki sani yanke lokacin addu'a gadonmu ne mu ma, mun dai yi sakaci da shi. Daniyel, wanda yake riƙe da babban muƙami a daular Mediya da Farisa, yakan durƙusa sau uku a rana, kamar yadda Daniyel 6:10 ta nuna. Mai Zabura ta 55 ya ambaci maraice da safiya da tsakar rana. A Ayyukan Manzanni 3 Bitrus da Yohanna suna kan hanyar Haikali ne a lokacin addu'ar ƙarfe 3 na yamma sa'ad da suka tarar da gurgun nan, a sura ta 10 kuma Bitrus ya hau soro yin addu'a da tsakar rana, yana jin yunwa, ana cikin shirya abinci a ƙasa. Wani ɗan littafin koyarwa na Kiristocin farko ya umarci masu bi su yi Addu'ar Ubangiji sau uku a yini, wato wadda Yesu ya koya wa almajiransa, har yau kuma 'yan'uwanmu Katolika suna da addu'ar ƙarfe 6 na safe da 12 na rana da 6 na yamma. Mu ba doka ce ta ɗora mana ba, ba kuma gasa muke yi da maƙwabtanmu ba, amma wanda ya ce zai ci abinci duk sa'ad da ya sami sarari, yunwa ce za ta kwantar da shi.

Abu na farko da nake so ki canza shi ne ki ɗauke babbar addu'arki daga dare. Kina kai wa Allah ƙarshen ƙarfinki ne, sa'ad da idonki ya riga ya rufe rabi, ki durƙusa a jikin katifa, wurin da jikinki ya sani na barci ne. A Matiyu 6:6 Ubangiji ya ce ki shiga ɗaki ki rufe ƙofa, na kuma yi ta tunanin inda ɗakin nan yake a rayuwarki, tunda a gida ko banɗaki kika shiga sai wani ya ƙwanƙwasa. Ɗakin naki shagonki ne. Bayan kin sallami 'yan makaranta, kin ba tsohuwa kununta, ki isa shago minti 15 kafin 'yan koyo, ki shiga ki turo ƙofa, kada ki buɗe taga tukuna, domin da mai kaya ta hango ki ta shigo ke nan. Ki zauna a kan kujerar keken, autan yana bayanki ko yana wasa da ƙyallaye a ƙasa, wayarki kuma tana cikin jaka, saboda saƙo ɗaya na WhatsApp ya isa ya cinye lokacin duka. Minti goma nake nema a wurinki, ba fiye ba, ko da ranar kin ji daɗin addu'ar kina son ƙarawa. Ki bar sha'awar ta kwana, gobe ita za ta jawo ki.

Me za ki yi a cikin minti goman? A 1535 Martin Luta, jagoran gyaran coci a Jamus, ya rubuta wa wanzaminsa doguwar wasiƙa a kan yadda mai sana'a zai yi addu'a, ko cocinku na Luta ne, irin waɗanda suka kafu a arewacin nan tun shekarun 1920, ko wani ne dabam, shawarar ta kowa ce. Ya gargaɗe shi da tunanin nan mai cewa bari in gama wannan tukuna, nan da awa ɗaya zan yi addu'a, domin ta haka yini yake wucewa. Ya tuna masa cewa wanzamin kirki idonsa da hankalinsa suna kan aska, in ba haka ba ya yanki mutum. Sa'an nan ya nuna masa yadda zai ɗauki 'yar gajeruwar magana daga Littafi ya tufka ta da zare huɗu: abin da take koya masa, abin godiya a cikinta, laifin da take tona masa, da abin da zai roƙa. Bari in gwada miki da Zabura 121, mai aya takwas kacal. Kin karanta a hankali, kin tarar tana cewa mai tsaronki ba ya gyangyaɗi, ba ya barci. Koyarwar ke nan, kuma kamar don ke aka rubuta ta: daren da barci ya kwashe ki a durƙushe, shi yana farke. Sai ki gode masa da ya tsare gidan a daren jiya ba tare da taimakonki ba. Sai ki furta cewa kin ɗauki kanki kamar ke ce mai riƙe da ran yaron, kin kuma yi wa tsohuwa tsawa jiya da yamma, idan kin yi. Sai ki roƙa, tunda aya ta ƙarshe tana maganar fita da shiga, ya kiyaye maigidanki a gangaren dutsen da ke bayan Ngaundere da kuma hanyar Mora zuwa Kuseri, wadda kowa ya san halinta. Kafin ki ankara minti goma sun cika, ki tashi ki buɗe taga. Kada ki yi saurin barin Zabura ɗaya, ki zauna a kanta mako guda har ta shiga bakinki, sa'an nan ki koma ta 23, ko ta 131 mai aya uku wadda take kwatanta rai da yaron da aka yaye yana kwance a jikin uwarsa. Daga baya ki ɗauki Bisharar Markus, sura 16 ce, ki riƙa karanta labari ɗaya a rana.

Ki yi wannan addu'a da harshen da kike yi wa yaranki magana idan sun ji ciwo. Na san a Garwa sujada takan kasance da Faransanci ko Fulatanci, mutum kuma yakan ɗauka cewa addu'a sai da manyan kalmomin da ake ji daga bagade. Ina zaton wannan yana cikin abin da yake sa bakinki ya buɗe a taro ya rufe a ɗaki: a taro akwai salon da kika haddace, akwai masu amsawa, a ɗaki kuwa babu mai cewa amin, sai ke da gaskiyarki. Ki ce, "Uba, na gaji, kuɗin makaranta bai cika ba, ina jin haushin mijina," wannan cikakkiyar addu'a ce. Littafi Mai Tsarki yana nan da Hausa gaba ɗayansa tun 1932, an kuma sake fassara shi daga baya da Hausar da ta fi sauƙi, yanzu har akwai na saurare da ake sa wa a waya, wanda zai yi miki amfani a ranar da ido ya gaji da zare.

Minti goman safe su ne turke na farko, na biyu kuwa yarinyar nan ce za ta kafa miki shi ba tare da ta sani ba. Da an kira azahar ta tashi, ke ma ki ɗauke ƙafa daga keke, ki ɗora hannuwanki a cinya, ki yi Addu'ar Ubangiji a zuciyarki a hankali, kina tsayawa kaɗan a kan kowace gaɓa. Ko minti biyu ba za ta ci ba. Ba sai kin sanar da kowa ba, kada kuma ki mai da shi abin nuna mata cewa ku ma kuna yi; ki dai ci gaba da ba ta lokacinta da wurinta cikin mutunci, kamar yadda na fahimci kina yi. Da dare kuma, maimakon durƙuson da yake ƙarewa da barci, ki tara yaran kafin su kwanta, kowa ya faɗi abu ɗaya da ya gode wa Allah dominsa, babban ya karanta ayar ƙarshe ta Zabura 4, mai maganar kwanciya da barci cikin salama, ku ce amin. Idan kin hau gado kina magana da Allah barci ya ɗauke ki a tsakiyar jimla, ki tuna sau nawa autanki ya yi barci da nono a baki, ko kin taɓa jin haushinsa?

Tsakanin waɗannan turaku akwai addu'ar da ake yi hannu yana aiki. Da sarki ya tambayi Nehemiya abin da yake so, yana tsaye a bakin aikinsa na miƙa wa sarki abin sha, ya yi addu'a ga Allah na Sama tsakanin tambaya da amsa, ba wanda ya ga ya durƙusa. A ƙarni na 17 an yi wani ɗan zuhudu a Paris, ana ce masa ɗan'uwa Lorans, ya rasu a 1691, wanda ya yi shekaru yana girki a gidan zuhudunsu ko da yake shi da kansa ya ce ba aikin da yake so ba ne, ya kuma koyi zance da Allah a cikin ƙarar tukwane. Sana'arki ta ba ki wata dama da ba kowa yake da ita ba, domin kowane yadi da ke kan teburinki akwai mutum a bayansa, kuma mata sukan zazzage wa tela cikinsu sa'ad da ake awo. Kin san wadda rigar aurenta ce, kin san wadda mijinta ya yi mata kishiya, kin san wadda take ɗinka kayan suna bayan ɓari uku. Idan kin sa yadin a ƙarƙashin allura, ki ambaci mai shi a gaban Allah da jimla ɗaya, Kirista ce ko Musulma. Amma ban da lokacin yanka, domin ba a tauna taura biyu, kuma leshin mutane ba abin wasa ba ne. Kada kuma wannan ya zama dalilin barin minti goman safe. Na gwada hakan da kaina shekarun da nake koyarwa ga goyo, na ce ai ina addu'a a hanya, ban farga ba sai da na yi wata uku ban zauna gaban Allah na yi shiru ba, addu'ar hanyar ma ta ƙafe.

Maigidanki ya faɗi rabin gaskiya. Ya ga matarsa tana ƙarewa, ya ce ta sassauta, wannan tausayi ne, ki karɓe shi a haka. Inda ya kuskure shi ne cewa Lahadi ta isa, kuma ba wa'azi ne zai gyara wannan ba, musamman daga bakin mata ga mijin da ya shigo da ƙurar kwana goma. Ki nemi abu ƙarami a wurinsa: duk sa'ad da ya kira daga inda suka yada zango, kafin ku ajiye waya ki ce, "Maigida, bari in sa maka albarka," ki yi masa addu'ar jimla biyu a kan hanya da mota. Ban taɓa ganin direban da ya ƙi addu'ar hanya ba. Akwai kuma maganar da ta fi wannan nauyi, wadda za ki ajiye sai ya huta ya ci abinci: jinyar mahaifiyarsa ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ko 'yan'uwansa mata su riƙa karɓarki kwana ɗaya ko biyu a mako, ko a samo yarinya daga dangi, ko ya ware wani abu a biya mai wanki. Ki faɗa masa ba don kin gaji da Inna ba ne, don ki iya ci gaba da riƙe ta ne.

Ita kuma Innar, kin lissafa ta cikin abin da yake cinye miki lokaci, ni kuwa ina ganin tana da abin da kika rasa, wato yini guda cur ba abin yi. Luka 2 ya ba mu labarin Hannatu, tsohuwar da ba ta rabuwa da Haikali, tana addu'a dare da rana. Idan surukarki mai bi ce, sa'ad da kike shafa mata man zafi a ƙafa ki ce, "Inna, yau ki riƙe mini jikokinki da ɗanki a addu'a, ni aiki ya yi mini yawa." Tsohon da aka zaunar yakan ji ya zama kaya a gida, wannan roƙo zai mayar mata da matsayinta, zai kuma rage ɗacin da jinya takan haifar tsakanin suruka da matar ɗa.

Shago kuwa kada ki rufe shi. Da shi ake biyan kuɗin makaranta da maganin yaron, manzo Bulus ma da ɗinkin tanti ya ci abinci a Koranti. Amma zan taɓa inda yake muku ciwo, ku teloli. Kin san yadda ake yi idan atamfar 8 ga Maris, wato ta Ranar Mata ta Duniya, ta fito, ko gab da Sallah da Kirsimeti, ko a Satumba da kayan makaranta: a karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfin hannu, a ce wa kowa gobe, a kwana a kan keke, a ɓuya a bayan labule idan mai kaya ta zo. Wanda ya yini yana cewa gobe alhali ya san ba gobe ba ne, da dare bakinsa yakan yi nauyi a gaban Allah, ko bai san dalili ba. Ki ƙidaya kayan da ke da 'yan koyonki za ku iya gamawa a mako, ki rubuta, idan ya cika ki ce wa mai zuwa ta yi haƙuri. Za ki rasa wasu kuɗi a kakar farko, amma telar da take cika alkawari kullum tana da masu kawo ɗinki. Haka nan a coci, idan kina zumunta, kina ƙungiyar mawaƙa, kina kwamitin girki, ki ajiye ɗaya na shekara guda ba tare da jin laifi ba.

Za a yi ranakun da tsarin nan zai rushe, yaro ya kwana da zazzaɓi, ko 'yan koyo su riga ki zuwa. Ranar da safiya ta kuɓuce, azahar tana nan. Ranar da duka suka kuɓuce, washegari ki shiga shago ki turo ƙofa kamar ba abin da ya faru, ba ramuwa, ba ninkawa. A makonnin da aiki ya yi tsanani ki rage minti goman zuwa uku da saninki, ya fi ki bari gaba ɗaya. Za a kuma yi ranakun da za ki zauna ba kalma ko ɗaya, zuciya kamar busasshen rafi a watan Afrilu. Romawa 8:26 ta ce Ruhu yana taimakon rauninmu, yana roƙo dominmu da nishin da baki ba ya iya furtawa, don haka ki zauna minti goman ko da shiru ne. Idan kuwa shagon bai yiwu ba sam, saboda kuna raba shi da wata ko maƙwabta ba sa barin ki, ki mai da lokacin zuwa gindin murhu da asuba sa'ad da ruwan kunu yake kan wuta, ki riƙa isa coci da rabin awa kafin sujada ranar Lahadi ki zauna a bencin baya. Ki kuma nemi mace ɗaya a zumunta, sa'arki, mai riƙe sirri, ki gaya mata gaskiyar da kika gaya mini. Ina tabbatar miki ba za ta yi mamaki ba, watakila ma ta sauke ajiyar zuciya ta ce ita ma haka take. Ku riƙa tambayar juna ranar Lahadi, a taƙaice, yadda makon ya kasance.

Ki gwada wannan na kwana 40 ba tare da kin ƙara komai a kai ba, sa'an nan ki sake rubuto mini. Ina so in ji wace Zabura ce ta zauna miki a baki, me aka ce a asibiti game da jininki, yaya jikin autan, da kuma abin da maigidan ya ce a kan maganar Inna. Ki gaishe mini da ita da kyau, ki ce ina yi mata sannu da ƙafa.